Ku tambayi makanike: silifa kuloci, bambancin faifai da jabun da ya cika kasuwa

Assalamu alaikum jama'a. Saƙonnin wanga sati kusan duka kan kuloci suka taru, kuma ba abin mamaki ba ne, bazara ta shigo, zafi ya haura digiri 40, mai ya tsinke cikin inji, duk kulocin da dama yake lallaɓawa yanzu ne zai nuna halinsa. Na zaɓo waɗanda amsarsu za ta amfani mutane da yawa, sauran ku yi haƙuri sai wani satin in Allah Ya kai mu.

Tambaya: Malam barka da aiki. Ni ɗalibi ne a jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi, ina da babur Boxer 150. Na ga a bidiyo ana ta yabon silifa kuloci wai yana ƙara gudu kuma babur ba ya kayar da mutum. Wani ya ce zai samo min daga Kano a ɗaura min. Nawa ya kamata in tanada?

Ƙanena kar ka tanadi ko dala, riƙe kuɗinka ka sha mai ka sayi takardun karatu. Silifa kuloci ba ya ƙara gudu ko kaɗan, wanda ya gaya maka haka ko dai bai san abin ba ko aljihunka yake hange. Aikinsa lokacin rage gudu ne yake yinsa, ba lokacin ƙarawa ba.

Bari in buɗe maka cikin tunda ba kai kaɗai ka tambaya ba. Kulocin baburanmu faifai ne iri biyu aka jera ɗaya bayan ɗaya suna wanka cikin man inji, akwai mai shafi wanda ke kamawa, shi ne wanda muke yawan canzawa, akwai na ƙarfe zalla, sai sifirin da ke danna murfi ya matse su wuri guda. In sun matsu ƙarfin inji ya wuce giya ya kai taya, in ka ja hannun kuloci su saki juna. Shi kulocin da muka saba bai san gaba ba bai san baya ba, yadda yake riƙewa in inji na jan taya haka yake riƙewa in taya ce ke jan inji. To a nan manyan babura ke samun matsala. Mutum na tahe a guje kan inji mai cc 600 ko 1000, ya iso kwana ya sauke giya biyu ko uku a jere ya saki hannu, tayar baya na gudun da injin ba zai iya bi ba a wannan giyar, sai ta nemi juya injin da ƙarfin tsiya shi kuma ya turje saboda matsin da ke cikin silinda. Daga nan taya ta fara tsalle tana dukan ƙasa ko ta ja ta zame gefe, sarƙa na fizga, haƙoran giya na shan wahala, wani lokacin inji ya wuce iyakar juyinsa har bawul ya gamu da fistan.

Abin da masu ƙira suka yi shi ne sun fiƙe ƴan gangare a inda cibiyar kuloci ke haɗuwa da abin da ke danna faifai, wasu da ƴan ƙwallayen ƙarfe a tsakani, wasu ƙarfe kan ƙarfe kawai. Da zarar taya ta fara tura inji, gangaren nan ya hau kan ɗan uwansa ya ɗaga murfin kaɗan, faifai su ɗan zame har gudun inji da na taya su daidaita, sannan ya koma ya kama. Yawancin na zamani sun ƙara wani gangaren ta ɗaya ɓangaren, wanda in ka murɗa totur shi kuma jawo murfin yake yi ya ƙara matse faifai, kamar murfin jarka dai, ka murɗa nan ya ƙara ɗaurewa ka murɗa can ya sassauta. Tunda injin da kansa ke taya matsewa sai kamfani ya rage sifirin, galibi 3 masu laushi maimakon 4 zuwa 6, shi ya sa hannun kulocin irin waɗannan babura da yatsa biyu ake jansa.

Daga filin tsere abin ya fito. Honda ta yi amfani da shi a farkon shekarun 1980, a 1983 ta sa shi a VF750F da ake sayar wa kowa, kuma na lokacin ba gangare ba ne, wani ƙarfe ne mai juyawa gefe ɗaya wanda ke sakin rabin faifan. Daga baya ne ya sauko kan ƙananan babura, Kawasaki Ninja 300, KTM Duke 390 daga 2015, Bajaj Dominar 400 da ta fito ƙarshen 2016, da Yamaha R15 na 2017. Za ka ce min ai R15 ma cc 155 ne kusan ɗaya da naka. Haka ne, amma shi injinsa yana kai juyi 10,000 a minti, giyarsa 6, an ƙera shi ne don a riƙa kai shi ƙarshe. Boxer an yi shi don ɗaukar mutum da buhu, turjiyar injinsa ba ta kai ta sa taya tsalle ba sai in kai ne ka yi ganganci. Sannan ba faifai kaɗai ake canzawa ba, sai cibiya da murfi da sifirin duk sun dace da sandar giyarka da kwandon da faifan ke zama, abin da za a kawo maka sai an yi ta fiƙa da walda kafin ya shiga, kuma cikin inji ba wurin gwajin walda ba ne. In tayarka na ja lokacin sauke giya, sauke ɗaya-ɗaya, ɗan taɓa totur kafin ka saki hannu a hankali, kuma ka duba tayar ko ta gama cinyewa.

Tambaya: Malam ina gaisuwa. Na sayi babban babur na hannu mai silifa kuloci, faifansa ya ƙare na yi odar saiti guda. Da muka buɗe kwali sai muka ga ɗaya ramin tsakiyarsa ya fi na sauran faɗi, biyu kuma launinsu daban. Makanikena ya ce an haɗa min gauraye ne, ko in mayar ko a sa su haka duk inda suka faɗa. Daga unguwar Ali Dan Sofo.

Alhaji kar ka mayar, kuma don Allah kar ka bari a sa su duk inda suka faɗa. Haka saitin yake zuwa a babura da yawa. Wanda ramin nasa ya fi faɗi an yi shi ne don ya bar wuri ga wasu siraran zobba biyu, ɗaya shimfiɗaɗɗe ɗaya mai ɗan lanƙwasa, aikinsu su sa kuloci ya kama a hankali ba tare da karkarwa ba lokacin tashi. Shimfiɗaɗɗen ke fara shiga sannan mai lanƙwasan, kuma shi ma yana da fuskar da yake kallo. In aka ɗora faifai mai ƙaramin rami a wurin zai hau kan zobban ya ƙi zama daidai, babur ya riƙa ja ko ka damƙe kuloci, giya ta yi tauri, furi ta gagara samuwa. Masu launi daban kuma yawanci na bakin jeri ne, na farko da na ƙarshe, don su a jikin alminiyon suke gogawa ba jikin faifan ƙarfe ba, shi ya sa wasu kamfanoni ke canza musu shafi ko su ɗiga fenti a kunnensu. A wasu baburan ma kunnuwan faifan ƙarshe ba layin sauran suke bi ba, akwai gajerun ramuka da aka yanka musu daban a bakin kwando.

Wurin da kowanne ke zama ya danganta da babur, saboda haka hanya mafi sauƙi ita ce yadda aka ciro tsofaffin a jera su kan kwali bi da bi, a ɗauki hoto da waya, a mayar da sababbi a kan wannan jerin. In wani ya riga ya taɓa buɗewa ya hargitsa, a nemo littafin gyaran wannan samfurin a intanet a duba zanen. A kuloci mai silifa jimillar kaurin faifan duka tana da muhimmanci ƙwarai, da ita aka auna tazarar da gangaren zai hau kafin ya ɗaga murfi, in kaurin ya wuce ko ya gaza ko dai ya ƙi saki lokacin da ake buƙata ko ya riƙa zamewa ba dalili. Shi ya sa ba a tsinto faifan wani babur a cusa don kawai haƙoransa sun shiga. Faifan ƙarfe kuma in ka shafa bakinsa za ka ji gefe ɗaya da kaifi gefe ɗaya a daƙushe saboda yadda injin kamfani ya yanko shi, a juya su duka su kalli wuri ɗaya.

Game da shafin kansa, akwai na ɓawon itace mai laushi, akwai na zaren takarda da aka gasa da ƙaro wanda yawancin kamfanoni ke sawa yanzu, akwai na Kevlar da na kabon masu jure zafin tsere. Kai dai ka tsaya kan irin wanda babur ya zo da shi. Masu tauri sosai suna cin faifan ƙarfe kuma kamunsu ba daɗi cikin cunkoson bakin babbar kasuwa. In makanikenka bai taɓa buɗe irin wanga ba, ba abin kunya ba ne ya ce bai sani ba a nemi wanda ya taɓa.

Tambaya: Baba ina wuni. Ni ɗan kabu-kabu ne, babur ɗin ba nawa ba ne, kullum da dare nake kai wa mai shi kuɗi. Daga ƙaramar sallah zuwa yanzu sau uku ana canza min faifai, yanzu kuma in na ɗauki mutum da kaya zuwa Tibiri inji na ta kuka babur ba ya tahiya. Maigidana ya ce ni ne ban iya tuƙi ba zai karɓe abinsa. Ina da mata da yara biyu, wallahi ko barci ba na iya yi.

Ɗana kwantar da hankalinka, Allah Ya rufa maka asiri, wagga matsala tana da magani kuma ba mai tsada ba ne in aka yi shi sau ɗaya yadda ya kamata. Faifai na ƙwarai ba ya ƙarewa sau uku cikin ƴan watanni ko da tuƙin mutum da gyara, akwai abin da ke cinye shi wanda ba a taɓa ba. Ka nuna wa maigidanka wannan amsar ku karanta tare.

Fara da abin da ba ya cin ko sisi. Taɓa hannun kulocinka, ya kamata ya yi ɗan wasa kafin ka ji ya fara jan waya, wajen milimita 10 zuwa 20 a can ƙarshen hannun. In ba wasa sam, to kulocinka a ɗan buɗe yake dare da rana ko ba ka taɓa shi ba, kuma sabon faifai ma cikin sati biyu zai ƙone. Yaran gareji da yawa suna ɗaure wayar tam don giya ta yi laushi a gaban mai babur ya ji daɗi ya biya ya tahi. Sannan in za a sake buɗewa ka tsaya a wurin da kanka, ka ce a nuna maka faifan ƙarfe. In sun yi shuɗi-shuɗi ko baƙin tabo zafi ya gasa su, a ɗora kowanne kan gilashi a danna gefe, in yana rawa ya lanƙwashe, kamfanoni da yawa ba sa yarda da lanƙwasar da ta wuce milimita 0.1 zuwa 0.2. Sabon faifai kan lanƙwasasshen ƙarfe wuri biyu ko uku kawai yake taɓawa, nan zai ci ya ƙone. Sifirin ma zafi na kashe su, a jera tsoho kusa da sabo, in ya gajarce a canza duka tare, kuɗinsu bai kai na faifai ba. A duba kwandon kuma, in kunnuwan faifai sun sassaƙa masa tsani-tsani a jiki faifan ba za su riƙa zamewa su koma wurinsu ba.

Yanzu bari in zo kan abin da ke ci min rai, don na tabbata shi ne rabin ciwonka. Jabun faifai ya cika garin nan. Na lura tun lokacin da aka rufe iyakar Nijar da Najeriya a 2023 kaya suka yi wuyar shigowa ta Ɗan Isa, mutane suka saba da sayen duk abin da suka samu, an buɗe iyaka amma ɗabi'ar ba ta tahi ba, don mai shago ya gano ribar na biyu, wato jabu, ta fi ta na ɗaya, wato na ƙwarai, kuma ba mai tambayarsa. Kwalin jabu yau har ya fi na gaske ƙyalli, sunan kamfani ga shi ɓaro-ɓaro, saboda haka ku daina sayen kwali, ku buɗe ku riƙe faifan a hannu. Na ƙwarai shafinsa yankakke ne tsaf, ƴan gidaje daidai wa daida da hanyoyin mai a tsakaninsu a share, kunnuwansa sumul. Na jabu za ka ga gam ya tsattsafo ta gefen shafin ya bushe, wani gidan ya karkace, kunnuwan da kaushi da ƴan ramuka irin na alminiyon da aka narka aka sake zubawa, ka sa farce ka kankari bakin shafin sai ka ga gari na zubowa kan yatsanka. Haɗa biyu fuska da fuska ka ɗaga su wajen haske, in kana hango rana ta tsakaninsu tun a shago a lanƙwashe suke. A ƙananan injuna sabon faifai kaurinsa wajen milimita 3 ne kuma tun bai ci rabin milimita ba ake cewa a canza, to ka ga abin da ake wasa da shi ɗan kaɗan ne, wanda ya zo a sirance tun daga kwali rabin ransa ya riga ya tahi.

Kuma da a faifan kaɗai ɓarnar ta tsaya da sauƙi. A baburanmu mai ɗaya ne ke zagaya inji da giya da kuloci. Shafin jabu in ya ji zafi ɓarewa yake yi, gutsattsarin su bi mai su je su toshe ƴar ragar tace mai, in ka kwance ta za ka tarar da baƙin tabo ya liƙe mata har ba ka ganin ramukanta, man da zai hau kan silinda ya ragu, kamshaf ya bushe ya fara ƙara. Mutum ya je ya rage jika ɗaya ko biyu wajen faifai ya dawo yana sauke inji gaba ɗaya. Kai yi lissafi da kanka ɗana, kowace buɗewa sai ka sayi faifai, ka sayi mai, ka sayi gasket, ka biya kuɗin hannu, ka rasa aikin yini guda alhali kuɗin maigida ba ya jira, ninka wannan sau uku ka gaya min ko bai sayi na ƙwarai har da sifirin da faifan ƙarfe ba. Araha ba ta ado, kuma a kan ɗan kabu-kabu ta fi kowa tsada.

Ƴan uwana masu shago, ku ji tsoron Allah. Kun san wanne ne na ɗaya wanne ne na biyu, da bakinku kuke faɗa in kun ga wanda ya sani. In talaka ya zo ku gaya mishi gaskiya ya zaɓa da idonsa a buɗe, in na biyun yake iyawa ya san abin da ya saya. Sayar da na biyu a kuɗin na ɗaya cin haram ne ko da sunan kasuwa aka kira shi. Mu ma makanikai akwai namu, a karɓi kuɗin orijinal a aiki yaro ya sayo mai araha a soke canji, sannan in babur ya dawo a ce mai shi ne bai iya tuƙi ba. Ku masu babura ku riƙa zuwa shago da ƙafarku ko ku tahi tare da makaniken, ku nemi dilan da ke sayar da irin babur ɗin sabo don shi ya fi kusa da kayan kamfani, a buɗe kwali gabanku, a sa gabanku, a ba ku tsofaffin ku tahi da su.

Sai mai, wanda shi ne ɗaya rabin. Man mota ba na babur ba ne. Yawancin man motocin zamani an zuba musu sinadarin ƙara santsi don mota ta rage shan fetur, ita mota kulocinta a bushe yake a waje ba ruwansa da man, naka kuwa a ciki yake kwance, santsin nan ya shiga shafi sai faifai lafiyayye ya riƙa zamewa. Saboda haka ne Japan ta fito da ma'aunin JASO a 1998, ka juya bayan galan ka nemi inda aka rubuta JASO MA ko MA2, shi ne na kuloci mai wanka cikin mai. In MB ka gani na sikuta ne, ajiye shi. Kaurin kuma ka bi abin da littafin babur ya ce, irin su 20W-50 da aka saba da shi a zafinmu. Man da ake aunawa a kwalba bakin hanya ba ka san asalinsa ba, akwai masu tara tsohon man bidanji su tace su ɗura a galan mai suna su manna murfi. Duba zoben murfin ko an taɓa karya shi, kuma in an gama zuba maka ka sa wuƙa ka farke galan ɗin kafin ka yar, don wanda ka bari lafiya gobe shi za a cika a sayar wa ɗan uwanka. In faifai ya riga ya sha man mota ya ƙone, canza mai kaɗai ba lallai ya dawo da shi ba. Sabon faifai kuma a jiƙa shi cikin man da za a zuba, awa biyu zuwa uku ko ma a bar shi ya kwana, ba a ɗaura shi a bushe don ana sauri.

Naka ɓangaren kaɗan ne amma ka kiyaye. Cire yatsunka daga kan hannun kuloci in kana tahiya, nauyinsu kaɗai na iya cinye ɗan wasan nan. Cikin rairayi, irin na hanyoyin ƙauye da bakin gulbi, sa giya ta ɗaya ko ta biyu ka saki hannu gaba ɗaya, kar ka riƙe rabi kana zuba totur, yin haka na cin faifai ƙwarai. In kaya sun yi yawa ka ce sun yi yawa, kuɗin buhu na uku ba zai biya kuloci ba. In an gama gyaran ka gwada, sa giyar ƙarshe kana tahiya a hankali ka murɗa totur sosai, in kukan inji da gudun babur sun tashi tare to an dace. Ka rubuto min bayan wata guda in ji yadda kuka ƙare da maigidan.

Tambaya: Kulocina na zamewa sai aka sa min wasa, wato ɗan zoben ƙarfe, a ƙarƙashin sifirin aka goge faifan a kan siminti aka wanke da fetur, yanzu ya kama. In ci gaba da haka?

Haba malam, ka san amsar tun kafin ka rubuto. Faifan da ya riga ya sirance ka ƙara goge shi a siminti, me ya rage? Ga yashin da ya maƙale a shafin yanzu yana yawo cikin injinka. Wasa kuma tana iya sa sifirin ya haɗe tun kafin murfi ya gama buɗewa, wayar kuloci ta tsinke maka a tsakiyar hanyar Madarunfa. Dabarar kai babur gida ce in ya mutu a daji, ba gyara ba ce. Canza faifai da sifirin da mai cikin satin nan.

Tambaya: Malam ni malamar makaranta ce, babur ɗina irin marar hannun kuloci ne, da ƙafa kawai nake sa giya. Kwana biyu in na sa ta ɗaya sai ya zabura, har na kusa faɗuwa da ɗiyata a baya. An ce sai an canza kuloci duka, ni kuma albashi bai shigo ba, tsoro nake ji.

Malama sannu, Allah Ya tsare gaba, kuma kin yi daidai da ba ki yi shiru ba. Kar ki yarda a fara da canza komai. Yawancin irin naki kuloci biyu gare su, ɗaya mai kamawa da kansa in inji ya ƙara juyi, ɗaya kuma mai faifai wanda ƙafarki ke buɗewa duk lokacin da kika taka giya. Abu na farko a duba silo, in inji na gudu da yawa a tsaye to na farkon ya riga ya fara kamawa, kina sa giya zai zabura, rage shi aikin minti ɗaya ne. A duba wayar totur ma ko tana maƙalewa. Na biyu akwai ɗan sukurun saiti da goro a jikin murfin inji na dama, shi ke daidaita buɗewar faifan, sau da yawa shi ne ya kauce. Sarƙa in ta yi sako-sako ita ma tana ƙara fizgar. Duk waɗannan kuɗin hannu ne kawai ba sayen kaya. Sai in an yi su bai daina ba sannan a buɗe. Kafin nan ki riƙe birki duk lokacin da za ki sa giyar farko, kuma ki bar yarinyar a gida ko ta bi wani har a gyara.

Tambaya: Ina da R15, in na sauke giya da sauri sai in ji hannun kuloci na ɗan motsi a yatsuna. Kuma ran da batir ya mutu mun tura mun gaji bai tashi ba. Kulocin ya lalace ne?

Lafiyarsa lau. Motsin da kake ji gangaren ne ke ɗaga murfi, wato yana aikin da aka sa shi. Turawa kuma, ka tuna in ana tura babur taya ce ke juya inji, daidai yanayin da aka ƙera silifa ya saki, shi ya sa wasu ke wahalar tashi da turi, in ya zama dole gwada a giya ta biyu ko ta uku. Amma naka mai injekta ne, famfon mai da kwamfutarsa wuta suke so, in batir ya mutu murus ko kulocin ya riƙe ba lallai ya tashi ba, sayi batir mai kyau ka huta. Kuma kar jin kana da silifa ya sa ka riƙa zubo giya uku a bakin kwana cikin gari, tsallen taya kawai yake ragewa, ba ya tsayar da babur kuma ba ya hana zamewa in iska ta kwaso yashi ta shimfiɗa kan gudro. Mai kuma JASO MA2 za ka riƙa sawa, in faifan ya tashi canji ka kawo saitin kamfani cikakke har da zobbansa.